Yadda Ake Yi Wa Majinyaci Wankan Kilohekzidin A Ɗakin Kulawa Ta Musamman

Majinyacin da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman yakan kasance da siririn bututu a babbar jijiyar wuya, ko ta ƙirji, ko ta matsematsi, kuma ta wannan ƙofa ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatarsa suke samun hanyar shiga jini. Dalilin yi masa wanka kullum da maganin kilohekzidin ke nan, domin maganin yana manne wa fata ya ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta sa'o'i da dama bayan wanka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, wanda ya shafi asibitoci 43, ya nuna cewa wannan wanka, haɗe da shafa maganin mufirosin mai kashe ƙwayoyin cuta a cikin hanci, ya rage cutar jini da kashi 44 cikin ɗari.

Kafin a fara, ma'aikaciyar jinya ta tabbatar majinyacin bai taɓa samun borin jiki daga maganin ba, sannan ta wanke hannu ta sa safar hannu. Ana amfani da tsumma shida masu ɗauke da maganin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, kowanne da wurinsa: na farko wuya da kafaɗu da ƙirji, na biyu hannaye da hammata, na uku ciki da matsematsi, na huɗu da na biyar ƙafafu, na ƙarshe baya da mazaunai. A cuɗa da ɗan ƙarfi, musamman inda fata ta ninku gumi yake taruwa, kuma a goge wajen santimita 15 na bututun da ke kusa da jiki. Kada maganin ya wuce muƙamuƙi zuwa sama, saboda yana illa ga ido da cikin kunne, kuma ba a sa shi a rauni mai zurfi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan an gama. Fatar takan yi ɗan danƙo na 'yan mintoci, sai tausayi ya sa mai jinya ta ɗauko ruwa ko tawul, alhali ɗauraya tana wanke kariyar da aka sha wahala dominta. A bar jiki ya bushe da kansa, a guji sabulu da man shafawa na gida, domin wasunsu suna karya ƙarfin maganin. A ganina, ya kamata a zaunar da 'yan uwan majinyaci a bayyana musu wannan tun ranar farko. Idan an ga ƙuraje ko kumburi, a dakata a sanar da likita. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu kuwa ba a yi masa wannan wanka sai da umarnin likita.