Kurma da neman aiki a Saudiyya: inda aka fi tafka kuskure

Ɗan yayata kurma ne tun yana ɗan shekara shida, zazzaɓi mai zafi ne ya tafi masa da ji. A Makka aka haife shi, yana da shaidar karatun kwamfuta, amma ya fi shekara yana watsa takardun neman aiki, shiru kamar an shuka dusa. Da muka bi diddigi, sai muka tarar ba kurumtar ce kaɗai ke tare masa hanya ba, har da yadda yake ɓoye ta.

Ya rubuta lambar waya a takarda bai ƙara ko kalma ba. Kamfani ya kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai ya wuce kan na gaba, don ba wanda zai zauna jiranka. Gyaran layi ɗaya ne a ƙarƙashin lambar: a tuntuɓe ni ta WhatsApp ko imel.

Mafi muni shi ne dabarar da 'yan gida suka ɓullo da ita, wato ƙaninsa ya riƙa ɗaukar waya da sunansa. Ranar ganawa a wani kamfani a Jidda, mudir, wato manaja, ya juya fuska ga kwamfuta yana tambayarsa albashi nawa yake so. Yaron da leɓe yake karantawa, bai ga bakin mutumin ba, sai ya gyaɗa kai yana murmushi. Mutumin ya maimaita, ya sake gyaɗawa. Ba su ɗauke shi kurma ba, sun ɗauke shi wanda bai san abin da ya kawo shi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ko da ma ɓoyon ya ci, akwai lokacin gwaji da kan kai kwana 180, a cikinsa ana iya sallamar mutum cikin ruwan sanyi. Takardar likita kuwa kada a kuskura a yi ta jabu: sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba mai aiki damar korar wanda ya sami aiki da takardar jabu, ba sanarwa ba kuɗin sallama.

Wasu kuma sukan faɗa ɗaya ramin, su buɗe takarda da "ni miskini ne, a taimaka don Allah". Wannan bara ce, kuma kamfani ba gidan zakka ba ne. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da aka gayyace ka ganawa. Ka faɗa a taƙaice, tare da abin da kake buƙata: ba na ji, ina karatu da rubutu da Larabci, a fuskance ni in ana magana ko a rubuta mini tambaya. Kalmar "kurma" ita kaɗai tsorata mudir take yi, don mutane da yawa, har mu Hausawa, duk kurma bebe muke ce masa, ko da yana magana tangaram.

Amma shawarar ɗan ƙasar Saudiyya daban take da ta mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama. Bahaushe mai takardar zama ɗan ƙasa asara yake in ya yi shiru. Sashe na 28 na dokar ƙwadago ya ce duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, in yanayin aikin ya ba da hali, ya ɗauki masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 4 cikin ɗari. A tsarin Nitaƙat kuma, wanda ke ƙayyade wa kamfanoni yawan 'yan ƙasa da za su ɗauka, bisa wasu sharuɗɗa, ana ƙirga ɗan ƙasa mai nakasa a matsayin mutum huɗu. Irin wannan ya faɗa tun farko, ya yi rajistar nakasarsa a ma'aikatar ƙwadago, ya kuma nemi kamfanonin da ke da shaidar Muwa'ama, wadda ake ba wuraren aikin da suka yi tanadi don masu nakasa. Mai igama ba ya cikin wannan ƙirge na huɗu, sana'ar hannunsa ce za ta yi masa magana.

Garaɓasar tana da ƙugiya. Akwai masu rubuta sunanka don cike gurbi kawai, su ce zauna a gida, ɗan abu zai riƙa shigo maka duk wata. Doka ta hana, kuma bayan shekara uku ba ka iya komai ba. Ka karanta kwantiraginka a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, kafin ka amince, ka tambayi inda teburinka yake.

Sai batun tafinta. Maganar hannu ta Kano daban take da ta kuramen Saudiyya, saboda haka kada ka ce "a kawo tafinta" ka yi shiru, faɗi wacce ka iya. Ɗan yayata, a ganawar da ta biyo baya, bai nemi kowa ba. Ya ajiye waya a tebur da manhajar da ke mayar da magana rubutu, ya nuna wa mudir allon, ya ce masa bismilla.