Wasan dabo da roba ga mai shanyewar hannu

Tun 1982 David Copperfield, mai wasan rufa ido na Amurka, ya fara shirin Project Magic, ana koya wa marasa lafiya rufa ido don yatsu su motsa, kuma ba tsafi ba ne, dabara ce kawai.

Fara da robar ɗaure kuɗi. Mai shanyewar hannun ya saƙala ta a manuniya da yatsan tsakiya, ya ja ta wajen tafin hannu, ya dunƙule ya cusa kan yatsu huɗun ciki a ɓoye, yana buɗe hannu sai ta yi tsalle ta koma sauran biyun. Don Allah kar ka yi masa gaggawa, in hannun ya gaji a huta, kuma a tambayi likitan fisiyo (mai kula da motsa gaɓoɓi) tukun. In ya iya, tara masa yaran gida ya nuna musu.