Yadda mazaunin Saudiyya zai shirya tafiya Monako ta hannun Faransa

Idan zafi ya tsananta a Jidda da Makka, wasu iyalan Saudiyya sukan tafi hutu gaɓar tekun kudancin Faransa, kuma a cikin masu yi musu rakiya akwai 'yan'uwanmu Hausawa, direbobi da masu kula da yara, ban da 'yan kasuwa masu tafiyar ƙashin kansu. Wanda aka ce masa tafiyar ta haɗa da Monako yakan fara da cigiyar inda ake bayar da bizarta, alhali kuwa a wurin Faransa zai same ta.

Monako ƙasa ce mai cin gashin kanta, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗan ɗoriya ba, gidan sarautar Grimaldi ya kafu a cikinta tun 1297, Yarima Albert na Biyu kuma yana kan karaga tun 2005. Faransa ce ta kewaye ta ta ɓangarori uku, teku ya rufe na huɗun. A yarjejeniyar 1861 Faransa ta amince da 'yancinta bayan ta karɓe garuruwan Menton da Roquebrune, a ta 1918 ta ɗauki nauyin kare ta, sannan aka sabunta wannan alkawari a 2002. Abin da ya fi shafar matafiyi shi ne yarjejeniyar maƙwabtaka ta 1963, wadda ta ɗaure shigar baƙi Monako da ƙa'idojin Faransa. Saboda haka, ko da yake Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Turai, ita ce ake shiga da ita, kuma jami'an Faransa ne suke bayarwa a madadinta.

Kafin ka taɓa takardar neman biza, ka fara duba igamarka, wato katin zamanka na Saudiyya, da fasfonka, domin a nan mafi yawan tafiye-tafiye suke lalacewa. Dole fasfo ya kasance an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar fitowarka daga Turai da aƙalla wata uku. Igama ita ma ta kai bayan dawowarka, sannan ka tuna wa kafilinka ya fitar maka da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ya ba ka takardar shaidar aiki mai nuna albashinka da izinin tafiya. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar da Bahaushe ɗan ƙasar Saudiyya duk suna buƙatar bizar.

Daga nan sai ka cika fom a shafin France-Visas, ka nemi ranar da za ka miƙa takardu a ɗauki zanen yatsunka. Faransa tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Ana karɓar buƙata tun saura wata shida a tafi, don haka babu dalilin jira sai ana saura mako biyu, musamman gab da hutun makarantu lokacin da samun rana yake wuya. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu, kuma sai ka haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki. Idan maigida ne zai ɗauki nauyinka, ya rubuta haka a fili ya sa hannu. Bizar ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Mai niyyar zama fiye da haka sai ya nemi bizar dogon zama, ita ma daga jami'an Faransa, kafin 'yan sandan Monako su ba shi katin zama.

Monako ba ta da filin jirgin sama, saboda haka a birnin Nis na Faransa za ka sauka, mai nisan kimanin kilomita 30, ka ƙarasa da mota ko jirgin ƙasa, wanda yakan ɗauki kimanin rabin awa. A Nis ɗin za a duba kayanka, domin ƙasashen biyu kwastan ɗinsu ɗaya ne tun 1865. Kada ka sa kilishi ko dambun nama ko cuku a jaka, don an hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai, kuma ƙwacewa za a yi komai kyan ɗaurin. Dabino kuwa ba shi da matsala. Kuɗin hannu idan sun kai yuro 10,000 wajibi ne ka bayyana su. Mata masu niƙabi su sani dokar Faransa ta 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma tana aiki tun daga filin jirgin.

Da ka isa za ka ga babu shinge ko mai tambayar fasfo, har a garin Beausoleil mutum yakan tsallaka titi ya bar Faransa ya shiga Monako bai ankara ba. Faransanci ake yi, wanda zai sauƙaƙa wa 'yan Nijar, yuro ake kashewa, ƙungiyar ƙwallonsu ta AS Monaco kuma a gasar Faransa take wasa. Duk da haka kada ka ce wa ɗan ƙasar garinsu yanki ne na Faransa, domin suna da kujerarsu a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1993, da harshensu na gargajiya da ake koyarwa a makarantu, da tuta mai ja a sama da fari a ƙasa, wadda duk wanda ya saba ganin alhazan Indunusiya a Harami zai ɗauka tasu ce. Ka riƙa duba canjin da aka ba ka, wataƙila ka dace da sulen yuro mai kan Yarima Albert. Lambar wayarsu ma daban ce, 377 maimakon 33 ta Faransa, don haka ka tambayi kamfanin layinka ko tsarin da ka saya ya haɗa da Monako kafin ka kunna data. Sallar Juma'a kuwa, ka tsara fitarka da wuri zuwa Nis, inda akwai masallatai da mahauta masu sayar da naman halal.