Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi Wajen Magana a Zaman Hukumar Makarantu a Amurka

A Amurka akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000, kuma mafi yawansu suna ƙarƙashin wata hukuma ce ta mutane biyar, bakwai ko tara waɗanda mazauna yankin suke zaɓa. Wannan hukuma ita ce take amincewa da kasafin kuɗi, ta tsara kalandar karatu, ta kuma ɗauki babban jami'in makarantun gundumar aiki. A yawancin zamanta akan ware lokaci domin jama'a su tofa albarkacin bakinsu, sai dai lokacin yana da ƙa'idoji, kuma 'yan'uwanmu da yaransu suke karatu a makarantun gwamnati na can sukan yi asarar wannan dama saboda kurakuran da ba su da wuyar gyarawa.

Na farko shi ne ɗaukar cewa doka ɗaya ce take aiki a ko'ina, alhali kowace jiha da tata. A Kalifoniya, dokar Brown ta 1953 ita ce take tafiyar da irin wannan zama, kuma tana ba jama'a haƙƙin yin magana. Jihar Teksas ta wajabta hakan a 2019. Dokar jihar New York kuwa haƙƙin halarta kawai ta tabbatar, ta bar wa kowace hukuma ta yanke ko za ta saurari jama'a. Mazauna Bronx da sauran sassan birnin New York su lura cewa tun 2002 makarantunsu suna hannun magajin gari, don haka wuraren kai magana su ne majalisun ilimi 32 na unguwanni da kwamitin da yake kula da manufofin ilimi na birnin baki ɗaya. Gyaran wannan kuskure shi ne mutum ya karanta ƙa'idar gundumarsa a shafinta na intanet tun kafin ranar, domin wasu suna so a cike kati a miƙa kafin a buɗe zama, wasu kuma suna rufe rajista sa'o'i kafin lokacin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na lokaci, domin ya samo asali ne daga wata kyakkyawar tarbiyya tamu. Galibi minti uku ake ba kowane mai magana, wani lokaci biyu idan jama'a sun yi yawa. Na taɓa ganin wani dattijo da ya zo da koke mai nauyi kan motar makaranta da take barin yara a tsaye cikin sanyin hunturu. Ya fara da gaishe da shugabar zaman, ya gaishe da wakilai ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiya, ya ba da tarihin zuwansa ƙasar, sannan a daidai lokacin da ya ce "abin da ya kawo ni", agogon da yake gabansa ya yi ƙara, aka kira na gaba. Ba raina shi aka yi ba, domin dole shugabar ta yi wa kowa awo da mudu ɗaya. Gaisuwa ta jimla guda ta wadatar. Bayanta sai mutum ya faɗi sunansa, da makarantar da abin ya shafa, da buƙatarsa tun a rabin minti na farko, hujjoji su biyo baya. Ya rubuta jawabin a shafi guda, ya karanta shi da ƙarfi a gida yana duba agogo. Wanda Turancinsa bai nuna ba kada ya ji kunyar zuwa da tafinta, domin a Kalifoniya da Teksas doka ta ce a ninka masa lokaci, sai fa idan hukumar ta tanadi na'urar fassara ta nan take.

Akwai kuma masu fita da ɓacin rai saboda sun gama magana ba wanda ya ce musu uffan. Shirun yana da dalili na doka. A Kalifoniya, alal misali, ana liƙa ajandar zama na yau da kullum sa'o'i 72 kafin lokacinsa, kuma hukuma ba ta da ikon yanke hukunci kan abin da ba ya cikinta. Iyakacinta ta ba da gajeriyar amsa ko ta miƙa batun ga ma'aikata. Saboda haka a maimakon jefa tambaya a tsaya jiran amsa, gara a nemi a sa batun a ajandar zama na gaba, ko a nemi amsa a rubuce.

Wasu kuma suna kai wa hukuma abin da ba a gabanta ya kamata a fara ba, kamar saɓanin ɗansu da wani malami. Dokar tarayya ta 1974 da take kare sirrin bayanan ɗalibai ta hana wakilai tattauna al'amarin yaro a bainar jama'a, kuma batun ladabtar da ma'aikaci galibi a zaman sirri ake yinsa. Bugu da ƙari, gundumomi da dama suna watsa zamansu a YouTube, ta yadda uban da ya ambaci sunan 'yarsa da matsalarta ya bar mata abin da abokan karatunta za su iya kallo shekaru masu zuwa. Irin wannan koke yana farawa ne daga malami, zuwa shugaban makaranta, zuwa ofishin gunduma. Idan ya kai ga hukuma, a gabatar da shi a matsayin giɓi a cikin tsari, ba tare da sunan yaro ba.

Kishiyar wannan shi ne tsoron sukar hukuma kwata-kwata, musamman ga wanda ya taso inda ba a ja da na gaba. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1976, a wata shari'a daga Madison ta jihar Wisconsin, cewa ba za a hana malami magana a buɗaɗɗen zaman hukumar makarantu ba. A 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ƙa'idar wata gunduma a Ohayo da ta haramta kalaman adawa da waɗanda aka nufi wani mutum da su. Hukuma tana da ikon ƙayyade lokaci da maudu'i, amma ba ta da ikon rufe bakin mutum don ra'ayinsa bai yi mata daɗi ba. Wannan kariya ba ta haɗa da ihu daga cikin taro ko ƙin barin lasifika ba. Kalifoniya ta yi doka a 2022 da ta ba shugaban zama damar fitar da mai hargitsa taro bayan an gargaɗe shi.

Sai kuma zuwa sau ɗaya a ɗauka an gama. Musulmin birnin New York sun sami goyon bayan majalisar birnin kan hutun Sallah tun 2009, amma sai a 2015 aka sanar da sa ƙaramar Sallah da babba a kalandar makarantu. Iyayen da suke neman irin wannan hutu, ko abincin halal a makaranta, su bincika watan da ake amincewa da kalanda ko kasafin kuɗi, su raba hujjojinsu tsakanin mutum uku ko huɗu don kada kowa ya maimaita na ɗan'uwansa, su bar wa magatakardan hukumar kwafin jawabinsu a rubuce, sannan su koma zama na gaba su tambayi inda aka kwana.