Kafin damina ta sauka, mu leƙa ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tunda damina ta ƙarato, shawarata mu fara gyara daga ƙarƙashin gado da saman sif, don nan tarkace ke taruwa, nan kuma kyankyasai da ɓeraye ke samun maɓoya.

Kada ki ce sai kin gama gidan a rana ɗaya, ɗaki guda ya isa. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki fito da komai ya sha rana. Atamfar da kika daɗe ba ki ɗaura ba, da kayan da suka yi wa yara kaɗan, wanke su ki ba mabuƙata tun da sauran kyansu. In suka kwana a buhu cikin danshi, hunhuna za su yi, ba ke ba wani. Kwali kam rabu da shi, abincin gara ne. Abin da za ki ajiye ki zuba a akwatin ƙarfe ko roba mai murfi, ki ɗora kan bulo, kada ya jingina da bango.

Fasassun tukwane da robobi 'yan gwangwan na saye. Tsohuwar taya da gwangwanayen bayan ɗaki a kwashe su, ruwa na kwanciya ciki sauro ya hayayyafa.

Takardu kuwa, don Allah kada ki zubar sai maigida ya duba, wata ta fili ce, wata kuma da ayar Alƙur'ani a jiki.