Yadda na karanta lambar matsalar injin Carina E ba tare da kwamfuta ba

Toyota Carina E ɗina ta 1994 ta kunna fitilar injin a dashbod, kuma da sanyin safiya sai an yi ta fama kafin ta tashi. Na'urar da makanikai ke soka wa mota ba ta shige ta ba, don soket mai baki 16 da na'urar ke shiga, sai daga 1996 aka wajabta shi a Amurka. Tsofaffin Toyota da fitilar suke magana.

Cikin bonet akwai ƙaramin akwati an rubuta DIAGNOSIS. Na buɗe murfin, na haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya. A duba rubutun cikin murfin da kyau, don akwai ramin da ke ɗauke da wutar batir. Sai na murɗa makulli har dashbod ya kawo wuta, amma ban tayar da injin ba.

Fitilar ta ƙifta sau biyu, ta dakata daƙiƙa ɗaya da rabi, ta sake biyu: 22 ke nan, wato sensar zafin ruwan injin. Da motar lafiya ƙalau take, da ƙiftawar ba za ta yanke ba.

Ban yi gaggawar sayen sabuwa ba, domin lambar tana nuna layin sensar ne gaba ɗaya, har da wayoyinsa. Sensar mai waya biyu na nema, mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce. Na tarar soket ɗinta ya yi tsatsa, waya ɗaya ta tsinke. Na kankare, na haɗa, na naɗe.

Daga nan na zare fiyus ɗin EFI, wato na tsarin da ke fesa wa injin mai, na rabin minti don goge lambar. Washegari da asuba bugu ɗaya ta tashi.