Kalmar "capture": ba kowane kamu ba ne

Masu koyon Turanci kan yi kuskure wajen amfani da kalmar capture, kuma tushen matsalar a Hausarmu yake. "Kama" kalma ce mai faɗin ciki: a kama ɓarawo, a kama kifi, a kama hanya, a kama ɗaki a otal, mura ma ta kama mutum. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ya ga an fassara capture da "kama", shi ke nan sai ya riƙa cusa ta duk inda kama ta shiga.

Ita kuwa capture, wadda asalinta Latin ne, kamu ne na ƙarfi, bayan an yi fafutuka ko artabu. Sojojin Amurka sun zaƙulo Saddam Hussein daga rami kusa da garin Tikrit na Iraƙi a Disamba 2003, wannan capture ne. Turawan Ingila sun ci Kano da yaƙi a 1903, littattafan tarihi na cewa "the capture of Kano". Lura, a nan Hausa ba ta ce an kama Kano ba, ci ta ce. Haka ma in ka ci ɗan abokin wasanka a dara.

To amma ɗan sanda ya tsare kawunka a bakin titi saboda takardun mota, kada ka rubuta "the police captured my uncle". Mai karatu zai zaci wani riƙaƙƙen ɗan fashi ne aka yi wata guda ana farauta a daji. Kamun hukuma arrest ne. Mura da ƙwallo da motar haya kuma duk catch ne: "I caught a cold". Masu satar mutane don kuɗin fansa aikinsu kidnap ne ko abduct.

Inda na fi jin capture kwanakin nan shi ne layin rajista: katin ɗan ƙasa, lambar BVN ta banki, katin zaɓe, jarrabawar JAMB. Ka dangwala yatsu a na'ura, a ce ka ɗaga kai ka kalli kyamara, ka fito kana cewa "an yi min kafcarin". A can kowa ya gane, ba laifi. Rigimar tana farawa ne in ka rubuta wa wata jami'a a waje "I was captured yesterday". Ka shaida musu ke nan jiya an yi ram da kai, wataƙila har su fara jajanta maka. Ba kai aka ɗauka ba, bayananka aka ɗauka, don haka sai ka ce "my biometrics were captured".

A hoto ma akwai ɗan bambanci. Ɗaukar hoto kawai take a photo ne. Ana kawo capture ne in hoton ya cafko wani abu mai wucewa, kamar murmushin amarya ko sukuwar doki ranar hawan sallah. Daga nan ma'anar ta miƙe zuwa jan hankali, "capture attention", da kuma marubucin da ya zayyana abu har ka ji kamar kana wurin.

Masu fassara labarai su yi hattara da state capture. Ba kame jiha ba ne. Ana nufin wasu 'yan tsiraru masu kuɗi su mallake hukumomin gwamnati suna juya su yadda suka so, zargin da kwamitin alƙali Zondo ya bincika a Afirka ta Kudu game da zamanin mulkin shugaba Jacob Zuma da attajiran iyalan Gupta.

Saura 'yan kama-da-wane guda biyu. Rubutun da ake sawa ƙarƙashin hoto a Facebook caption ne, ko da yake kullum sai na ga an rubuta "nice capture" alhali rubutun ake yabo. Karkatattun haruffan nan da shafin intanet ke sa ka kwafa don ya tabbatar mutum ne kai, sunansu CAPTCHA. Furucin CAPTCHA kusan ɗaya ne da na capture, domin ƙarshen capture "ca" ake faɗa, ba "tur" ba.